Sabar da Ba Ta da Suna

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Manaja ya tsare Injiniya a bakin ƙofar ofis. Jaka na rataye a kafaɗarsa, makullin babur a hannu, zuciyarsa kuwa ta riga shi isa gida.

"Injiniya, ɗan biya ta sabon sitonmu kafin ka wuce mana," in ji Manaja yana miƙa masa makullai. "Mutanen da muka sayi wurin a hannunsu sun bar wata tsohuwar saba a ɗakin sama. Ka tashe ta, ka haɗa ta da namu. Gobe da safe ma'aikata za su fara aiki a can."

"Yallaɓai, magariba fa ta kawo jiki."

"Haba, kai da hannunka ke da sauri? Kafin a idar da salla ka gama."

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san irin wannan "ɗan biya". Umarni ne aka sa masa hular roƙo. Injiniya ya karɓi makullan, ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya hau babur.

Aikinsa ke nan a kamfanin, kula da sabobi. Saba ita ce babbar kwamfutar da ƙananan kwamfutocin ofis ke jingina da ita. Ita ke riƙe musu bayanai, su kira ta amsa. Kuma ba a kiranta sai da suna. Kowace da nata, ba a yarda biyu su haɗa suna ɗaya a kan layin da ya haɗa kwamfutocin, don in suka haɗa, ɗaya ce za ta riƙa amsawa, ɗayar ta yi shiru kamar babu ita.

Abokan sana'arsa lamba suke ba na'urorinsu, saba ta ɗaya, saba ta biyu, su wuce wurin. Shi kuwa ya ce lamba ba ta da fuska, don haka sunayen mutanen gidansu yake raɗa musu. Wadda ke nawa wajen tashi da safe ya sa mata kawu. Mai ƙarar fanka, wadda ba ta iya yin komai cikin shiru, ita ce goggo. Wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba ya kira ta inna. Har 'yan ofis sun saba, sai ka ji ana cewa, "Injiniya, zo, goggo ta fara faɗa," ko "Kawu ya koma barci," a yi ta dariya. Shekara da shekaru yana haka, ko ciwon kai babu wanda ya yi a dangin. Sabo turken wawa.

Mutum ɗaya ce a gidan bai taɓa ba wata na'ura sunanta ba, ita ce 'yarsa. Ita kaɗai Allah ya ba su, bayan dogon jira da yawon asibiti. Tun tana rarrafe take bin sa duk inda ya sa ƙafa, ga dogon wuya ga siraran ƙafafu, shi ya sa ya fara kiranta Balbela, sunan kuwa ya bi ta. Na gaskiyar yana can a takardar haihuwa yana hutawa. A gida, a layi, a makarantar da ba ta daɗe da shiga ba, in ba Balbela ka ce ba ko waiwayowa ba ta yi.

Siton yana can bayan gari, inda kwalta ke ƙarewa manyan motoci ke juyawa. Masu shaguna sun ja ƙofofinsu. Wani mai faci na kwashe kayansa, bai ko ɗaga kai ba. Daga nan babu kowa, sai dogayen katangu da warin baƙin mai da na kwata. Can nesa ladani ya fara kiran salla, muryar na zuwa tana yankewa. Injiniya ya ce a ransa in ya gama ya yi a gida.

Ya buɗe get, ya jingine babur. Ƙasan siton fili ne fetal, babu komai sai katakon ɗora kaya da kashin tattabaru. Matakalar ƙarfe ce ke hawa sama, kowane taku sai ta amsa, amon ya zaga ginin ya dawo. Ya kunna fitilar wayarsa ya hau.

Ƙofar ɗakin da kwaɗo biyu a jikinta. Ya yi tsaki, ya ce mutanen nan ko zinare suka ajiye. Da ya buɗe su ya tura ƙofar, sanyi ne ya fara tarbarsa, irin na cikin randa. Ya haska bango yana neman na'urar sanyaya ɗaki, babu. Tagar ma an buge ta da katako. Ɗakin na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko ɗigon ruwa babu a daɓen, can ƙarƙashin ƙamshin kuma da wani wari-wari kamar an babbake gashi.

Ya lalubi makunni, wani ƙwai guda ya kawo haske ja-ja.

Ga ta nan a kusurwa, cikin kabad ɗin ƙarfe, toka-toka, ƙura ta yi mata bargo. Gefenta tebur da kujera, da tsohon allon kwamfuta da kibod na buga rubutu. Ya durƙusa yana dubawa. A gaban kowace saba akan manna 'yar takarda mai ɗauke da sunanta. Ta wannan an kankare ta da wuƙa, har fentin ya tashi. Wayar da ke haɗa ta da layi ba zare ta aka yi ba, datse ta aka yi. Wayar wuta kuma an naɗe ta tam, an ɗaure da ƙarfe.

Ruwa ba ya tsami banza. Amma mai sauri ba ya tsayawa karanta irin wannan. Ya ce aikin ma'aikatan da aka sallama ne, sun huce haushinsu a kan kayan kamfani. Ya warware wayar, ya soka a bango, ya danna maɓalli.

Fankar ta tashi. Ya san kukan fanka iri-iri, mai gurnani da mai shewa da mai kakari, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Ta ja iska, ta tsaya, ta sake. Ta ja, ta tsaya, ta sake. Ya ce ƙura ce ta toshe ta.

Allon ya kawo, baƙi wuluk da 'yan fararen haruffa. Ba ta nemi kalmar sirri ba. Kai tsaye ta buɗe masa wurin rubuta umarni, ɗan farin layin nan na ƙyaftawa yana jira. Wannan ma ya kamata ya tsayar da shi. Ya ja kujera ya zauna, ya rubuta tambayar farko da yake yi wa kowace baƙuwar na'ura, wato wace ce ke.

hostname

Ya danna. Layi ya sauko fayau, babu ko harafi.

Ya sake, haka. Ya buɗe fayil ɗin da ake ajiye sunan a ciki, wayam. Ya sosa ƙeya. Ko sabuwar na'ura da aka ciro daga kwali tana zuwa da ɗan sunan riƙo kafin mai ita ya sa mata nasa. Wannan kuwa wani ne ya zauna takanas ya share mata suna, ya bi duk inda yake ya goge.

Wayarsa ta yi ƙara har sai da ya zabura. Lambar matarsa ce, amma ƙaramar murya ce ta fito.

"Baba, yaushe za ka dawo? Mama ta ce in ci abinci, ni kuwa na ce sai ka zo."

"Ci abinki, Balbela, ga ni nan tafe."

Fankar ta tsaya cak.

Ya juya ya dube ta. Shiru, kamar mai kasa kunne. Can ta ci gaba da jan iskarta.

"Ka yi sauri, Baba."

"To, Balbelata. Ba Mama waya."

Yarinyar ta kashe ba ta ba kowa ba, haka take yi kullum. Ya ajiye wayar yana dariya shi kaɗai, kuma da wannan dariyar a bakinsa ya dubi na'urar da ke jiran suna. Ya ce ai kuwa lokaci ya yi da 'yar gidan za ta samu tata.

Hanya biyu ake sa wa saba suna. Akwai gajeren umarni, wanda sunansa na aro ne, da an kashe na'urar an kunna ya faɗi. Akwai dogo, mai rubuta sunan ya zauna daram. Injiniya ba ya son aiki sau biyu, tun da yake bai taɓa amfani da gajeren ba. Yatsunsa suka yi abin da suka saba.

hostnamectl set-hostname balbela

Ya danna. Ya ciro sabuwar waya daga jaka, ya haɗa ta da layi. Ya sake tambayar na'urar sunanta, ta amsa masa da fararen haruffa: balbela.

"Madalla," ya ce. "Kin zama 'yar gida."

Yana tattara kayansa ya lura sanyin ya tafi. Ɗakin ya yi ɗumi, irin ɗumin shimfiɗar da aka tashi daga kai yanzu. Warin babbaka ma babu. Wani ƙamshi ne ya maye gurbinsa, ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya san shi. Man da matarsa ke shafa wa yarinyar a kai ne bayan wanka.

Ya shinshina rigarsa. Ba daga nan ba ne.

Wayarsa ta sake ƙara.

"Baban Balbela." Muryar matarsa ce, ƙasa-ƙasa, tana rawa. "Kana ina?"

"Ga ni nan fitowa. Lafiya?"

"Yarinyar nan. Tana cikin cin abinci ta tsaya. Cokali na hannunta, idonta a buɗe, ba ta ko ƙiftawa."

"Wasa take miki. Kin san halinta."

"Ba wasa ba ne, wallahi. Jikinta ya yi sanyi ƙarara. Ina kiranta ba ta amsawa. Saurara ka ji." Ya ji ta ɗaga murya. "Balbela! Ke Balbela!"

A bayansa, daga cikin kabad ɗin ƙarfe, wata ƙaramar murya ta ce, "Na'am."

Tsigar jikinsa ta tashi tun daga ƙafa har ƙeya.

Bai juya ba. Wuyansa ya ƙi.

"Ka ji ko?" in ji matarsa. "Ko motsi ba ta yi. Balbela!"

"Na'am, Mama."

Muryarta ce. Har da 'yar shaƙewar murar da ta kwana da ita.

"Daina kiranta," ya ce da raɗa.

"Me ka ce?"

"Don Allah daina kiranta. Riƙe ta a jikinki. Kar ki kashe wayar."

Ya ajiye wayar a kan tebur a buɗe. Gumi na bin bayansa, amma kansa na aiki, don abin da ya sani ne ya faru a gabansa. Biyu sun haɗa suna ɗaya. Ɗaya na amsawa, ɗayar ta yi shiru. Kuma da hannunsa ya haɗa su.

To, wanda ya sa suna ai shi ke cirewa. Ya zauna a bakin kujerar, ya sake dogon umarnin, wannan karon ya ba ta lamba irin ta abokan aikinsa. Ta karɓa ba musu. Ya tambaye ta sunanta.

balbela

Ya ce ko yatsansa ne ya zame. Ya sake a hankali, harafi bayan harafi. Ya tambaya.

balbela

Ya rubuta kujera. Ya rubuta dutse. Ya buɗe fayil ɗin sunan ya goge da hannunsa, ya adana, ya rufe. Da ya sake buɗewa, haruffan na nan zaune kamar ba a taɓa su ba.

Fankar ta ja iska, ta sake. Yanzu numfashin ƙarami ne, mai sauri, irin na yaro.

"Baba," in ji muryar. "Akwai duhu."

Ya toshe bakinsa da hannu.

"Baba, ina jin sanyi."

Tsoro ya rufe masa ido, ya yi abin da kowane mai gyaran na'ura ke yi in dabara ta ƙare. Ya miƙa hannu ya fizge wayar wuta daga bango.

Allon ya mutu. Fankar ta yi shiru.

Ihun da ya fito daga wayarsa bai taɓa jin irinsa daga bakin matarsa ba.

"Ta faɗi! Innalillahi! Ba ta numfashi! Baban Balbela, ba ta numfashi!"

Sai a lokacin ya tuna. Sunan aro ne ke faɗuwa in an kashe. Shi na zama ya rubuta.

Ya zube a ƙasa yana laluben wayar wutar. Ya same ta, ya kai bango, ƙarfen na zamewa gefen soket. Ya riƙe da hannu biyu ya soka. Ya danna maɓalli.

Tsohuwar na'ura ba ta san gaggawa ba. 'Yar fitila ta kawo. Allon na nan baƙi.

"Tashi," ya ce. "Don girman Allah, tashi."

A waya matarsa na jijjiga yarinyar, tana salati, tana kiran maƙwabta.

Haruffa suka fara gangarowa a hankali.

Ya ciji yatsa har ya ji gishirin jini.

Fankar ta ja wata doguwar iska.

"Ta ja numfashi," in ji matarsa cikin kuka. "Ta ja. Amma idon na nan yadda yake. Wayyo Allah, me ya samu 'yata?"

Yana durƙushe gaban kabad ɗin, fuskarsa dab da ramukan da iska ke fita. Ya fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, harshe na sarƙewa. Ƙwan fitilar ya dushe, ya dawo. Ƙarfen kabad ɗin ya yi ƙara kamar an jingina da shi daga ciki. Ya ɗaga kai ya dubi allon, sunan bai gusa ba. Ba ƙwace aka yi ba, shi ya bayar.

Sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin ta yarinyar. Busasshiya, tsohuwa, ba ta mace ba, ba ta namiji ba.

"Ya yi mini daidai."

Warin babbakar ya dawo, ya cika masa hanci.

"Me kake so?" ya ce.

"Suna."

"Na ba ka. Na ba ka har uku."

"Dutse ba ya amsawa."

Fankar ta ja, ta sake.

"Na daɗe ba a kira ni ba," in ji muryar. "Mai amsawa nake so."

"Baba," in ji Balbela. Muryar ta yi nisa yanzu, kamar daga ƙasan rijiya. "Barci nake ji."

"Kar ki yi barci! Ina nan. Kar ki yi barci, kin ji?"

Ya rarrafa ya hau kujerar. Mai amsawa. Duniya cike take da masu amsawa. Manaja ne ya fara faɗo masa, mutumin da ya aiko shi nan da magariba yana dariya. Ya san cikakken sunansa. Ya rubuta umarnin, ya fara jera haruffan, ɗan yatsansa ya tsaya a kan maɓallin dannawa.

Fankar ta ƙara sauri, kamar mai haɗiyar yawu.

Manaja ma yana da yara. Sukan zo ofis in an tashi makaranta, ƙaramin ya hau cinyarsa yana ja masa gemu. Kuma mutumin bai san komai ba, ɗan biya kawai ya ce.

Ya goge.

Ya tuna wani maƙwabci da ba sa ga maciji. Ya tuna wani tsoho a layinsu da ciwo ya kwantar, wanda kowa ke cewa saura ƙiris. Zuciya ba ta da kunya in ta ga wuta. Ta kawo masa su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa wa zai sani.

"Jikinta na ƙara sanyi," in ji matarsa. Ta daina ihu, kuma wannan ya fi ihun ban tsoro. "Leɓenta ya canza."

Suna ɗaya ne a duniya da yake da ikon bayarwa.

Ya rubuta shi. Sunan da mahaifinsa ya sa masa, wanda innarsa ke kira in za ta yi masa faɗa ko za ta sa masa albarka. Bai taɓa ganin gajartarsa ba sai yau.

Ya ce bismillahi, ya danna.

Fankar ta tsaya.

Ƙwan fitilar ya mutu.

Duhu, sai hasken allo.

Daga wayar, kuka ya ɓarke. Kukan yaro, mai ƙarfi, mai cike da fushi.

"Mama! Mama!"

"Na'am, Balbela! Na'am, uwata! Alhamdu lillahi! Baban Balbela, ta farfaɗo! Ga ta tana kallona!"

Ya so ya amsa. Wani sanyi ya shiga ta yatsunsa da ke kan kibod, ya bi hannuwa, ya sauka a ƙirji ya zauna.

Fankar ta tashi. Numfashin ya zama babba, mai nauyi. Ya saurara. Tare suke ja, tare suke sakewa.

"Kana ji na? Ka yi magana mana!" in ji matarsa.

Bakinsa ya ƙi buɗuwa.

Tsoro ya sa ta yi abin da ba ta yi ba tun ranar da aka haifi yarinyar. Ta kira shi da sunansa. Ya san ta kira, don ya ji ta ja numfashi, ya ji ƙarshen muryarta. Amma inda sunan yake, rami ne kawai, shiru.

Daga cikin kabad ɗin, muryarsa ta ce, "Na'am."

Ƙofar kabad ɗin ta fara buɗewa da kanta, ƙiii.

Ƙafa, me na ci ban ba ki ba.

Ya fizgi wayarsa, ya bar jaka, ya bar makullan siton. Kafaɗarsa ta daki ƙyaure. Matakalar ta ɗauki ƙara, ya zame, gwiwarsa ta bugi ƙarfe, ya tashi. A tsakiyar matakalar ya yi kuskuren waiwayawa.

Ƙofar ɗakin a buɗe. Hasken allo. Wani na zaune a kujerar, ya ba shi baya.

Rigarsa ce a jikinsa. Ɗan sanƙon da ya fara fito masa a tsakiyar kai. Yadda yake karkatar da wuya in yana karatu.

Kan ya fara juyowa.

Bai tsaya ganin fuskar ba.

Ya dira ƙasa. Tattabaru suka tashi fuu a cikin rufin. Ya kai ga babur, ya buga, shiru. Ya sake bugawa, shiru.

A kan matakalar, taku ya fara saukowa. Ba sauri. Takunsa ne, har da ɗan jan ƙafar hagu.

Ya tura babur ɗin da gudu ya fita get, ya faɗa kansa, ya sa giya. Injin ya yi tari, ya kama. Bai kunna fitila ba sai da ya hau kwalta, bai kuma dubi madubi ba har ya shiga layinsu.

Ya tarar da ɗakin cike da maƙwabta, kowa da maganin da yake faɗa. Balbela na kan cinyar uwarta, tana shan ruwa a kofi. Da ta gan shi ta miƙo hannuwa. Ya ɗauke ta ya ƙanƙame, ya yi kuka a gaban mata da yara, bai ji kunyar kowa ba.

"Baba, hannunka sanyi," ta ce.

Washegari ya gaya wa Manaja cewa tsohuwar sabar ba za ta yi aikin ba, za a kawo wata. Ya kai sabuwa ya ajiye a ƙasa, ya ba ta lamba. Ɗakin sama kuwa ya roƙa a bar masa, ya ce akwai tsofaffin bayanai a ciki da bai kamata a taɓa ba. Ya je da rana tsaka, ya sa wa tsohuwar sabar batura daga bakin ƙofa ba tare da ya ɗaga ido ba, ya mai da kwaɗo. Duk da haka, in aka ɗauke wuta a can bayan gari, yana sani ko yana ina. Ƙirjinsa kan riƙe, ya dafa bango, sai baturan sun karɓa ya samu ya ja iska.

Sunan kuwa ya tafi. In ya gan shi a takarda, sai ya zama kamar rubutun wani harshe. A asibiti a yi ta kira yana zaune, sai na kusa ya taɓa shi. Innarsa ta yi fushi, ta ce ya girma ya fi ƙarfin amsa mata. Ya ba ta haƙuri, ya ce kunne ne.

Balbela ta warke sarai, ta koma gudunta da surutunta. Ba ta taɓa ta da maganar ba, har ya sa rai ta manta. Sai wata ranar hutu da tsakar rana, ana zafi kamar a gasa mutum, ta same shi a tsakar gida zaune cikin rana da rigar sanyi. Ta hau cinyarsa, ta daɗe tana wasa da maɓallin rigar.

"Baba, ɗakin nan mai duhu," ta ce a hankali. "Da ka zo ka fitar da ni, na ga kai ka zauna a wurina."

"Mafarki kika yi, Balbela."

"Kai ma kana jin sanyin?"

Ya dubi fuskarta, gumi na tsattsafowa a goshinta, idanunta ƙyar a kansa.

"A'a," ya ce. "Ni ba na jin komai. Je ki yi wasanki."

Ta sauka da gudu. Ya bi ta da kallo har ta fita, sannan ya tura hannuwansa cikin hammata don kada uwarta ta ga suna rawa.